Lambar da Ta Fi Ƙarfin Gurbinta

Birnin Kebbi,
Laraba, 15 ga Oktoba,
ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma.

Ɗan Argungu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ina jin motsinka kana ta fama da bakin jakar nan da ta ƙi rufuwa. Na idar da la'asar, ina zaune a bakin gado. An ɗauke wuta tun ƙarfe biyu, shi ya sa nake rubutu da biro. Allah ya kai ka Sakkwato lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da abokan kirki, ya buɗe maka karatun da za ka fara.

Babanka zai miƙa maka takardar nan gobe a tasha. Na roƙe shi ya ce maka ka buɗe ta da zarar mota ta fita gari, kada ka bari sai ka isa. Daga nan zuwa Argungu ba ya cika awa ɗaya in hanya ta yi kyau, karatun kuma ina tsammanin zai ci minti ashirin, ko ashirin da biyar in mota tana girgiza. Za ka sami sauran lokacin yin tunani.

Ka san ba na iya zama in yi doguwar magana da kai. Kai ne ɗan fari, kuma haka na tarar iyayenmu suna yi. Shekara goma sha tara ban taɓa kiran sunanka ba, ko a wayata Ɗan Argungu na rubuta, saboda a can ka tashi a hannun yayana, Kawunka Sani, tun daga yaye har ka gama firamare. To abin da baki ya kasa, bari in gwada ko hannu zai iya.

Roƙona ɗaya ne. Ka sauka a Argungu ka yi wa Kawunka sallama kafin ka wuce. Wata goma sha uku ke nan ba ka taka gidansa ba, an yi Sallah biyu ba ka gaishe shi ba. Kana ganin kana kare mutuncina ne. Ni na bar ka a kan wannan fahimta, kuma ba gaskiya ba ce. Zan faɗa maka yadda abin ya faru daki-daki, tunda kai ma ilimin kwamfuta za ka karanta, gara ka fara da kurakuran uwarka, ba sai ka biya kuɗin mota ka je neman na wasu ba.

Ka tuna aikin kammala digirina, wanda sakamakonsa ya fito watan jiya. Na shiga jami'a ina da shekara talatin da tara, bayan na daɗe ina buga wa mutane takardu a shago, kuma ina so in yi aikin da zai amfani wani, ba wanda za a ɗaure a ajiye a kanta ba. Sai na rubuta manhajar da za ta tura saƙo ɗaya ga duk 'yan ƙungiyar manoman shinkafar su Kawunka, masu gonaki a fadamar wajen Gulma, in an ji ruwan Rima yana tahowa. A da mai shela ne ke zagayawa unguwa-unguwa. Kawunka ne ya miƙe a taronsu ya ce a hutar da mai shela a daminar bara, ƙanwarsa ta kawo abin da ya fi shi sauri. An ce wani ya tambaya, in abin bai yi ba fa? Ya ce, "Dije ce. In ta ce za ta yi, ta gama yi."

Suka ba ni sunaye da lambobin waya na mutum ɗari da tamanin da shida.

Kuskurena na farko ƙarami ne, har ina jin kunyar rubuta shi. A rumbun bayanai, kowane gurbi sai ka faɗa masa irin abin da zai riƙe, ko rubutu, ko lambar lissafi. Da na zo gurbin lambar waya, sai na ce ai sunanta lamba, na ba ta gurbin lissafi, irin wanda kowa ya fi amfani da shi. Wannan gurbi ɗakuna talatin da biyu gare shi, kowane ɗaki ko sifili ko ɗaya. Ɗaki ɗaya an ware shi don nuna ko lambar tana sama da sifili ko tana ƙasa, saura talatin da ɗaya. In ka jera biyu sau talatin da ɗaya kana ninkawa, ka cire ɗaya, za ka sami 2,147,483,647. Nan ne bakinsa. Ba ya riƙe abin da ya fi haka ko da ɗaya.

Yanzu dubi lambar wayarka. Alƙaluma goma sha ɗaya ce, tana farawa da sifili. Lissafi bai san sifilin gaba ba, sai ya yar da shi. Saura goma, masu farawa da bakwai ko takwas ko tara, wato mafi ƙanƙantarsu ta kai biliyan bakwai. Gurbina kuwa biliyan biyu da 'yan kai yake ɗauka. Babu lambar manomi ko ɗaya da za ta shiga.

Na san wannan iyaka, an koya mana ita a shekarar farko, na ma ci tambayarta a jarrabawa. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, lambar waya ba lissafi ba ce. Ba a tara ta da wata, ba a raba ta biyu. Suna ce, ana kiran mutum da ita, kuma a gurbin rubutu ya kamata ta zauna. Don haka kafin ka ajiye kowane abu, a kwamfuta ko a zuciyarka, ka tambayi kanka mene ne shi, me ake yi da shi, kada ka tsaya ga abin da ake kiransa kawai. Kuma duk inda aka ba ka ma'auni, ka fara tambayar ina bakinsa yake tun kafin ka fara zubawa.

Da a nan abin ya tsaya, da babu wanda ya yi asara, domin kwamfutar ta yi mini magana. Ranar da na zo shigar da sunayen, jan rubutu ya fito, yana cewa lambar ta fi ƙarfin gurbin, kuma ya ƙi karɓa. Ina ɗakin kwamfuta na makaranta a lokacin, a kewaye da ni yara ne sa'anninka, suna ce mini Mama. Malamin da ke duba aikina yana tebur na uku daga inda nake, yaro ne shi ma, bai fi shekara talatin ba, mai sauƙin kai. Taku shida ne zuwa wurinsa. Na kasa tashi. Na ji kamar in na tambaya za a ce ga tsohuwar nan ta sake makalewa. Sai na bincika yadda ake hana jan rubutun fitowa, na sami layi ɗaya da ake canzawa, na canza. Na sake gwadawa, komai ya shige shiru. Har hamdala na yi.

Abin da ya faru a cikin shirun nan shi ne, duk lambar da ta fi ƙarfin gurbin, sai rumbun ya yanke ta ya ajiye iyakarsa a madadinta. Mutum ɗari da tamanin da shida suka koma masu lamba ɗaya: 2147483647.

Wannan ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba. Na farko rashin lura ne, na biyu girman kai ne da ya sa rigar kunya. In na'ura ta yi maka ƙorafi, ko jikinka, ko abokin zamanka, kada aikinka na farko ya zama neman yadda za ka rufe masa baki. Karanta abin da yake cewa har ƙarshe. In ba ka gane ba, tashi ka tambaya, ko da wanda za ka tambaya ƙaninka ne. Na auna kunyar tambaya daga baya, ba ta wuce minti biyu. Wadda na ɗauko a madadinta wata goma sha uku nake ɗauke da ita.

Za ka ce ban gwada manhajar ba ne? Na gwada, har sau tara, na rubuta a littafi. Amma kowane gwaji da hannu nake buga lambata a akwatin gwaji, saƙo ya shigo wayata, in yi murna. Ban taɓa sa ta ta ɗauko lamba daga rumbun ba. Na gwada hanyar da na san tana da kyau, na bar wadda za a bi ranar da ake buƙata. Ka kiyayi irin wannan gwaji, na neman a yaba maka ne, ba na neman gaskiya ba.

Ranar wata Litinin a cikin Satumban bara, ƙarfe tara saura, sakataren ƙungiyar ya kira ni. Yana kan hanyar kai matarsa asibiti a Sakkwato. Ya ce ɗan'uwansa da ke zaune can sama ya sanar da shi ruwa ya taso sosai, a gaya wa mutane su kwashe abin da ke fadama. Ƙarfe tara da minti goma sha biyu na danna. Allo ya nuna an tura guda ɗari da tamanin da shida. Na kira sakataren na ce an gama. Akwai wani shafi dabam da ke nuna ko saƙo ya isa hannun mai shi, ban buɗe shi ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Na ɗauki waya zan kira Kawunka, har na nemo sunansa, sai na ajiye. Na ce bari saƙon ya fara isa, ya ciro wayarsa a gaban mutane ya nuna musu aikin ƙanwarsa. Ina jiran shi ya kira ni da yabo. Shi kuma a ranar, maƙwabcinsa na gona ya ce masa ya ji ana raɗe-raɗin ruwa, shi dai zai kwashe nasa. Kawunka ya duba wayarsa ya ce, "In da gaskiya ne da Dije ta aiko."

Ruwa ya shiga ranar Laraba da hantsi. Kwana biyu cur, da sun ishi kowa. Kawunka yana da shinkafar wuri da ya yanke ya tara a gona ana jiran bugu, da injin ban ruwa a bakin rami. Duka suka tafi. Waɗanda na tabbatar sun yi irin wannan asara mutum goma sha ɗaya ne, wataƙila sun fi haka. Ba a rasa rai ba, kuma kullum ina gode wa Allah a kan wannan.

Idan ka aika saƙon da wani zai dogara da shi, kada ka tsaya ga "an tura". Kira mutum ɗaya ka ce, ya iso? Kuma in abu ya shafi naka, kada ka jira na'ura ta yi maka zumunci. Ɗauki waya ka kira da bakinka.

Ranar Alhamis na buɗe rumbun, na ga lamba ɗaya tun daga sama har ƙasa. Na gane ta nan take, kamar yadda ake gane fuskar wanda aka sani a cikin taro. Na rufe kwamfutar na zauna. Da babanka ya tambaya, na ce sabis ne ya yi rauni a wajen Gulma saboda hadari. Kowa ya yarda, domin wa bai taɓa shan wahalar sabis ba? Ƙarya ce mai sauƙin shiga, shi ya sa na zaɓe ta.

Kai ma ka zo a ranar. Ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, "Inna, ko in duba miki manhajar? Wataƙila wani abu ne ƙarami." Ka tuna abin da na yi. Na daka maka tsawar da ban taɓa yi maka ba, na ce ka fita mini, wa ya sa da kai. Ka sunkuyar da kai ka fita. Ba ka yi laifin komai ba. Tsoro nake ji, domin na san in ka buɗe, minti ɗaya ya ishe ka ka gani.

Akwai abin da za a koya muku a yaren Java. A can, in lamba ta kai 2,147,483,647 ka ƙara mata ɗaya tak, ba ta tsayawa, ba ta kuma yin ƙorafi. Juyewa take yi ta faɗa can ƙasan sifili, ta zama −2,147,483,648. Daga mafi girma zuwa mafi ƙasƙanci, saboda ɗaya. Ranar da malami ya nuna mana wannan a allo, ajin dariya ya yi. Ni kuwa daga baya na gane haka na yi maka. Na cika har baki, ina ta cewa ba komai, tambayarka ta zama ɗayan da aka ƙara. Ka yafe mini wannan tsawa.

Ina faɗa maka ne domin halinmu ɗaya. Kai ma "ba komai" ce amsarka ga kowace tambaya. Ka yi zazzaɓi kwana biyu a aji biyar na sakandare, sai da malaminku ya rako ka gida muka sani. A Sakkwato ba mai ganin fuskarka da safe ya gane. In karatu ya yi maka yawa, ko abinci ya ƙare, ko ka faɗi wata jarrabawa, ka faɗa tun da sauran wuri a cikinka. Ka kira babanka. Ka kira ni ma, ba a hana ɗan fari kiran uwarsa ba, ni ce dai ba zan ambaci sunanka ba, amma zan ɗauka.

Sai ranar Asabar da muka je jaje Argungu. Kana wurin, ba sai na tsawaita ba. Kawunka yana zaune a zaure, ƙafafunsa duk taɓo ya bushe a kai. Ya dube ni ya ce, "Dije, na tsaya miki gaban mutane, kin bar ni ina kallon waya awa wawa." Kafin in buɗe baki ka riga ni. Ka ce, "Kawu, sabis ne. In mutum bai san abu ba, ya yi shiru." A gaban abokansa. Mutumin da ya ɗora ka a kan gora ya koya maka iyo, wanda ya goya ka zuwa asibiti lokacin da kunama ta harbe ka. Ya dai kawar da kai.

A nan ne ya kamata in ce, Yaya, yaron nan bai sani ba, laifina ne. Kalma bakwai ko takwas. Na yi shiru, domin a duk zauren kai kaɗai ne kake ganina da sauran daraja, kuma ban so in rasa wannan ba. Na sayi mutuncina a idonka da zumuncinka da Kawunka. A cikin kurakuran nan duka, wannan ne ba ni da wani bayani a kansa. Kada ka taɓa barin wani ya yi faɗa a kan ƙaryarka. In ka ga ana kare ka a kan abin da ka san kai ka yi, dakatar da mai kare ka tun bai yi nisa ba. Kuma ko da kana da gaskiya, ba a gaya wa babba ya yi shiru. Wannan kashin naka ne, ba zan ɗauke maka shi ba.

Na gyara manhajar cikin minti goma, na mai da gurbin na rubutu, na sake shigar da lambobin, na mai da jan rubutun wurinsa. Sai da na kai wata huɗu kafin na gaya wa malamina gaskiya. Na zaci zai soke aikin. Sai ya ce in rubuta abin da ya faru ya zama babi guda, kada in rage komai. A ranar kare aikin, a kan wannan babi aka fi yi mini tambayoyi. Babanka ya sani tun lokacin, ya ce ni zan gaya muku da bakina, shi ba zai ari bakina ba.

Ranar Juma'a, kwana goma sha tara da suka wuce, na hau mota ni kaɗai na je Argungu. Na tarar da Kawunka a gindin darbejiyar ƙofar gida yana ɗaure tiyon ban ruwa da roba. Muka gaisa. Na durƙusa na ce, "Yaya, na zo in faɗa maka, ba sabis ba ne. Ni ce."

Bai ɗago ba. Ya ce, "To, mi kinka yi?"

Na rasa ta inda zan fara, sai na ce ya ɗauka kwamfuta tana da mudu, ni kuma na kawo lambobin da kowace ta kai buhu.

Ya ce, "Kinka juye buhu cikin mudu."

Na ce haka ne.

"Shi mudun bai ce komi ba?"

Na ce, "Ya ce. Na rufe masa baki."

Sai ya ajiye tiyon ya fara dariya, har tari ya kama shi. Ya ce, "Dije ke nan! Tun kina 'yar ƙarama haka kike. Ƙaya ta soke ki, kinka kwana uku kina ɗingishi, Inna na tambaya kina cewa rawa kike koyo." Ya ce in faɗa masa lambar da ta cinye masa shinkafa, yana so ya san sunan ɓarawonsa. Na ce biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Ya ce, "Duk wanga tsawo, kuma ta kasa ɗaukar lambar Sani?"

Na yi kuka, ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Shinkafa ta tafi, wata ta tsiro. Inji na samu wani. Ba su nike tambaya ba. Ina yarona?"

Na ce kunya ce za ta hana ka zuwa in ka ji gaskiya. Ya ce kunya ba ta taɓa kashe kowa a gidanmu ba, in ban da ni da ta kusa. Ya nuna mini rabin buhun sabuwar shinkafa da ya ware a zaure tun da ya ji ka sami jami'a. Na ce in taho maka da ita. Ya ce, "A'a. Ƙafafunai su taho su ɗauka."

In ka je, ka cire takalmi tun daga bakin zaure, ka durƙusa. Kada ka kawo bayanin gurbi da lamba, na riga na yi wannan. Kada ka ce Inna ce ta ɓoye mini, ya sani. Ka ce, Kawu, na yi maka rashin kunya, ka yafe mini. Daga nan ka yi shiru ka bar shi ya tsokane ka, domin zai yi. Motocin Sakkwato ba sa yankewa a Argungu kafin la'asar, na tambayi direbobi biyu, kuma rajistarku sai Litinin. Babanka ya san da zancen, kuɗin motar Argungu kawai zai biya a tasha, sauran yana cikin ambulan ɗin nan. In ka zaɓi ka wuce, ka cika wa direba, ba wanda zai tare ka. Amma ina fata.

Abu ɗaya ya rage, na karatu. Za ka haɗu da yarukan da ma'auninsu ya fi nawa girma nesa, kada su ruɗe ka. A JavaScript, lamba mafi girma tana da alƙaluma ɗari uku da tara, tana farawa da 17976. Duk abin da za ka ƙirga a duniya ba zai kai kusa da ita ba. Amma ita ma baki ce. In ka ƙara mata ɗaya, ba ta ma san an ƙara ba. In ka ninka ta biyu, sai kwamfuta ta amsa da kalmar da ke nufin "ba iyaka". Na daɗe ina mamakin wannan, a daidai inda ƙarfinta ya ƙare, a nan take cewa ba iyaka. Na ga mutane masu irin wannan hali, na kuma zama ɗaya daga cikinsu. Python kuwa tana ta faɗaɗa wa cikakkiyar lamba wuri, har sai ma'ajiyar na'urar ta cika, nan ita ma ta tsaya. Marar iyaka Allah ne kaɗai. Sauranmu kowa da bakinsa, kuma ba aibi ba ne. Ni da na san nawa, na fi samun barci, na kuma fi iya aiki.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci kafin ka zauna gaban allo. Ka ajiye kwafin aikinka a wuri biyu. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga sharrin hanya da na mutane, ya sa ka gama lafiya ka dawo mana da abin da zai amfani jama'a. Allah ya yi maka albarka.

Ba a kira magariba ba tukuna, amma haske ya fara raguwa, bari in tsaya. Malamina ya koya mini in rufe kowane rahoto da abin da ban sani ba, to ga su:

Ban sani ba ko mutum goma sha ɗaya ne kawai suka yi asara. Na je wurin bakwai na ba su haƙuri, saura huɗu, kuma ina ci gaba da tambaya.

Ban san inda saƙonni ɗari da tamanin da shida suka tafi ba. Shafin ya nuna ba su isa ko'ina ba. Kawunka ya ce wataƙila wani bawan Allah yana can ya kwashe kayansa ya hau tudu har yau.

Ban sani ba ko ƙungiyar za ta yarda a sake gwada manhajar a damina mai zuwa. Bana sun ƙi, kuma suna da gaskiya. Kawunka ya ce zai yi magana, da sharaɗin mai shela ya zagaya shi ma. Na ce ko bai faɗa ba ni zan nema.

Ban sani ba ko za ka ji haushina in ka gama karantawa, ko na kwana nawa.

Ban sani ba ko za ka sauka.

Ban kuma sani ba ko abin da zan yi yanzu ya saɓa wa al'ada, domin ban taɓa jin an ce ga hukuncin rubutu ba, na baki kawai na sani. Shekara goma sha tara sunan nan ya fi ƙarfin bakina, kullum sai in yanke shi in ajiye wani a madadinsa. Na koyi cewa suna a gurbin rubutu yake zama.

Ibrahim, ka ɗaga kai ka duba taga. In ka fara ganin gidajen Argungu, ka ce wa direba akwai mai sauka.

Innarka,
Hadiza.